Daffayar Motar Auta

Ni ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce. Tun daga gida ta taho da kunyar ɗan fari, ta ratsa Sudan da abarta har Makka ba ta zubar da ko kaɗan ba. Na haura arba'in ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" ne ni, ko "wancan", in ta ga dama "mai warsha", saboda garejin da nake gyaran sanyin mota. Da aka rushe unguwarmu a Nakkasa ni na ɗauko ta na kawo ta gidana a Rusaifa. Ni ke kai ta asibiti, matata ke gasa mata gwiwa. In na kawo magani sai ta ce, "Ajiye can." Amma autanmu ya leƙo sau ɗaya a wata da ledar lemo, albarka ta ɓalle ke nan kamar an kunce famfo.

Na san al'ada ce. An sha gaya min uwa ba ta yabon ɗan fari, a ciki take riƙe da abinta. Sanin bai taɓa rage min komai ba. Ina kishin ƙanina, kuma na daɗe ina yi.

A shekarar da nake magana, Auta ya sayi wata tsohuwar bas ƙarama, ya cire kujerun baya, ya sa gado da kabad da ɗan risho. Yayin samarin nan ne, kashta suke ce masa, a kwashi iyali a tafi daji a kwana a mota. Ya zo gidana, ya zauna a falona, ya sha shayina, sannan ya ce zai kai Inna duwatsun Tabuka ta ga ƙanƙara da idonta. Matar da ban da Madina ba ta taɓa zuwa ko'ina ba tun da ta shigo ƙasar nan, sai ga ta tana dariya tana rufe baki da mayafi. Wurin kwana na mutum huɗu ne: shi, matarsa, 'yarsa, da Inna. Ba wanda ya ce min ko na ɗan matsa in bi su.

Kwana biyu bayan nan ya faɗo min warsha. "Yaya, daffaya nake so ka sa min," in ji shi, wato na'urar ɗumama ɗaki. Ka ji fa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙera wa mutane sanyi, yau shi ake nema da zafi. Mu mutanen Makka me muka sani game da hunturu? In mun ga mutum da rigar sanyi a watan Disamba, kwalliya ce.

Ya riga ya sayo wata ta lantarki mai jan ƙarfe biyu. Na ce masa batir ɗinsa ba zai kai ta ko sallar isha ba. Matarsa ta ce to a sa ta iskar gas. Inna kuma, da aka kai mata zancen, ta ce duk wannan wahala ce, a ɗauki kaskon turarenta a zuba gawayi. Ranar na ɗaga murya a gabanta, abin da ban saba ba. Na ce gawayi a rufaffiyar mota, sai dai a wayi gari a buɗe ƙofa a tarar da gawa huɗu. Ta kawar da kai ta ce wa matata, "Gaya wa wancan na ji."

Mai amfani da dizil na zaɓa, wadda wutarta ke ci a rufe, hayaƙin ya fita ta ƙarƙashin mota, iska mai tsabta kaɗai ke shiga ciki. A Makka duk shagon da na tambaya dariya suka yi min, sai da na je Jidda na samo ta a wani shago. Kwana uku na rufe wa kwastomomina ƙofa. Na huda ƙasan motar, na ja bututun hayaƙi nesa da taga, na ɗaure ɗan famfon mai a karkace yadda ake so, na liƙa ƙararrawar da ke kuka in hayaƙi ya shigo. Bakin da iskar ɗumi ke fitowa kuwa, sau biyu ina sauya masa wuri. Na san gwiwar hagu ce ke hana Inna barci, na san a zaune take salla, na san tsayin kujerarta. Daidai nan na saita shi.

Ranar gwaji muka fito da ita da hantsi, rana na dukan mutum, muka zaunar da ita a ciki. Ni ina kwance a ƙarƙashin motar ina duba ko mai na ɗiga. Auta ya kunna. Can na ji muryarta ta saman kaina.

"Auta, har ka san gwiwar da ke min ciwo? Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Na dakata da sifana a hannu, ina jira ya ce aikin Yaya ne. Ya ce, "Amin, Inna."

Na ci gaba da duba bututun mai.

To akwai abu ɗaya da mai shagon Jidda ya ja min kunne a kai. A kan dutse iska ba ta da kauri, dole a danna wasu maɓallai biyu tare don na'urar ta rage shan mai. In ba a yi ba, baƙin hayaƙi zai toshe ta ta mutu. Da yamma na koya wa Auta komai, kunnawa, kashewa, zuba mai, abin da zai yi in ƙararrawa ta yi kuka. Maɓallan nan biyu na tsallake su. Ba mantuwa ba ce, ina kallonsu na yi shiru. Lissafina shi ne za ta tsaya musu, ya kira ni a gaban Inna, in ce danna kaza da kaza, ɗumi ya dawo, ta ji da kunnenta wanda ya san kan abin. Aikin minti biyu nake gani.

Suka tafi. Na sa waya a aljihun gaba, ko alwala zan yi sai na ɗora ta inda nake ganinta. Kwana ɗaya, biyu, uku, shiru. Na kira, ba ta shiga. Ni da na lissafa tsawon bututu har da rabin yatsa, ban lissafa cewa a bayan dutse babu sabis ba.

Sun dawo kwana biyu kafin ranar da suka sa. A kwana na biyu a kan dutsen daffayar ta mutu. Sun bar injin mota a kunne har suka ji tsoron mai zai ƙare, suka tattara barguna duka suka lulluɓe Inna da jikarta. Da gari ya waye ƙafar ta ƙi miƙewa, ga tari. Ƙanƙarar ma ba su gan ta ba. Ni da Auta muka ɗauko ta a kan kujera muka hau da ita bene, tana cije leɓe a kowace matakala. Ban san ta yi rashin nauyi haka ba sai ranar.

Da muka kwantar da ita, Auta ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, idonsa ja don rashin barci.

"Yaya, wannan abin da ka sa mana ya kusa kashe Inna. Ka ce ita ce mai kyau, ka hana mu kowace."

Na buɗe baki zan yi magana. Inna ce ta riga ni, daga kan gado, fuskarta na kallon bango.

"Auta, rufe min baki. Kai ne dai ba ka iya ba." Ta yi tari mai tsawo, matata ta tallafe ta. "Wancan, tun yana yaro, bai taɓa sa hannu a abu ya cuce ni ba. Duk cikinku ba wanda na yarda da aikinsa kamarsa."

Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Matata ta dube ni tana murmushi, don ta san shekara nawa na yi ina jiran wannan magana.

Na ce zan je in ɗora ruwan gashi. Na shiga kicin na rufe ƙofa, na tsaya a gaban tukunyar ina jin tarinta ta bango. Ta yi sati uku tana wannan tarin, kuma ƙafar ba ta ƙara hawa bene da kanta ba. Har yau ban gaya musu ba.