Jar Dawa a Ɗakin Sanyi

Kawuna ya yi rabin rayuwarsa a ɗakin sanyi na tashar binciken noma, har sunansa ya ɓace, kowa sai dai Mai Sanyi. Ko ana zafi kamar a gasa mutum, da rigar sanyi yake fita aiki, a gida ana tsokanarsa wai shi da rana ko gaisuwa ba sa yi. Aikinsa kula da kwalaben iri: dawa, gero, wake, waɗanda masu bincike daga ƙasar waje suka bi ƙauyuka suka tara tun yana saurayi. Shi ya kai su gidanmu, kakata ta ɗebo musu jar dawarta mai saurin nuna, kyauta, har da kwanon.

Shekarar da ambaliya ta cinye mana rumbuna, ba wanda ya tsira da iri. Innata, wato yayarsa, ta hau mota ta same shi a wurin aiki. Ta gilashin ƙofa ya nuna mata kwalbar.

"To buɗe ka ba ni, ko cikin tafin hannu ne," in ji ta.

"Yaya, ba ni da iko."

"Dawar uwarka ce fa!"

Mabuɗi yana aljihunsa, amma ya wuce ofishin darakta ya rusuna. "Ranka ya daɗe, mutanenmu ba su da abin shukawa."

Darakta, ɗan ƙasa kamar mu, ya ce akwai yarjejeniya. Ko ƙwaya ɗaya ba ta fita sai masu ɗaukar nauyin tashar sun amince daga can ƙasar waje. Za a tambaya.

Inna ta koma hannu wofi. Ruwa ya sauka, muka shuka sabon iri na kanti, wanda ba ya yi sai da taki, mu kuwa ba mu da taki. Amsar ba ta iso ba sai da aka yi girbi, ita ma cewa ta yi a bayyana manufar binciken da za a yi da irin.

Bayan 'yan shekaru masu ɗaukar nauyin suka janye. Man janareta ya ƙare, ɗakin ya ɗumama. Kawu yana kallo fumfuna ta rufe kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin ya saci jar dawar, ya shuka a bayan gidansa, yana ba ta ruwa safe da yamma. Ko tsiro ɗaya.

"Kada ka damu," in ji darakta da kawu ya kai masa kuka, "suna da irinta a ajiye can waje, ba ta ɓata ba."

"Ta yaya za mu same ta?"

"Sai dai cibiya mai rajista ta nema. Ba a ba ɗaiɗaikun mutane."

Yanzu kawu ya yi ritaya, yana tsare wa wani shago a bakin kasuwa, yana sayar da iri a leda, wanda dole kowace damina a sake saya. Inna a wurinsa take saye. Ta miƙa, ya miƙa, ko iyali ba ta tambayarsa.