Sifirin da aka rubuta wa gonar Baba

Shekarar da nake koyarwa a lakwal ɗin ƙauyenmu, yamma da Hawandawaki, wata farar mato ta furoje, wato aikin raya karkara, ta tsaya ƙarƙashin gawon bakin kasuwa. Wanda ya fito daga cikinta na san shi sarai. Benci ɗaya muka zauna da shi a kwaleji a Tasawa, uwarsa kuma har lokacin tana tuyar ƙosai a bakin tasha. Amma da ya buɗe baki gaban dattawa sai Faransanci, ya juyo ya ce mini, "Mushe, ka fassara musu." Hausar da ya sha a nono ta yi masa nauyi.

Ya ɗora ordinatar, wato kwamfuta, a kan turmi, ya nuna wa mutane wasu sanduna masu launi. Kowace sanda ƙasa ce, in ji shi, tsawonta kuma yawan kashin tumaki da na awaki da manomanta ke zubawa a gona. Ya bi su da yatsa yana kiran sunayen ƙasashen da bai taɓa takawa ba, har ya sauko kan tamu. Ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya. Ga dabbobi jibge, ya ce, amma ba mu san darajar taki ba. Na fassara, na rage kaifin maganar, kuma har yau ina jin haushin kaina da na rage.

Daga nan ya fiddo takardun tambayoyi, ya fara da mahaifina.

Baba yana da aboki, wani Buzu makiyayi, da suka fi shekara ashirin tare. Kowace kaka, da an kwashe hatsi, yakan sauko da tumakinsa daga arewa ya kafa bukka a tsakiyar gonarmu. Tumaki su ci kara, su kwana a wurin, bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancinsu gaba, har su zagaye jigawar duka. Inna kuwa awakinta na turke a gida. Da bazara sai a share turken, a loda a amalanke, a kai inda ƙasa ta gaji.

"Tsoho, kilo nawa kake zubawa?" mutumin furojen ya tambayi Baba. A nan Hausar ta kuɓuce masa.

Baba ya ce, "Ɗana, ban taɓa aunawa ba. Tumakin ne ke zubawa da kansu."

"A'a, wannan ba ya cikin lissafi. Abin da dabba ta yar tana kiwo layinsa dabam. Ni wanda aka ɗauka da hannu aka kai nake tambaya."

"To, ita gonar ta san bambanci?"

Mutumin ya duƙa kan takardarsa. Ina kallon alƙalaminsa ya zana sifiri a gaban tumaki. Gonar da mutane ke tsayawa kallon zangarniyarta in sun dawo daga kasuwa, ita ce ta samu sifiri.

Sai ya ce yana son samfuri na kowane iri, a kai Yamai a auna. Muka shiga gida. Ya sa safar roba, ya toshe hanci da hankici, ya tsuguna a turken awaki yana tsinta ɗaya-ɗaya kamar mai zaɓen tsakuwa cikin wake. Cikin leda biyun da ya zo da su ya cika ɗaya, ya rubuta mata "tumaki". Inna tana tankaɗe a bakin ɗaki, ba ta iya karatu ba, ni na faɗa mata abin da ya rubuta.

Ta ajiye rariya ta ce, "Ɗan nan, ko ƙaho ba ka duba ba? Waɗannan da ke kallonka tumaki ne?"

Ya ce a takarda duk aji ɗaya ne, ƙananan dabbobi.

Ta ce, "A takarda. Na awakina busasshe ne, yakan daɗe cikin ƙasa. Na tumaki in ka tula shi ɗanye gindin shuka, ruwa ya yi jinkiri, sai ya ƙone ta. In aji ɗaya ne, me ya kawo ka da leda biyu?"

Matan da suka leƙo ta katanga suka fashe da dariya. Ya miƙe, ya cire safar ya yar a tsakar gida, bai ko gyara rubutun ba. Inna ta kawo masa fura, ya ce cikinsa ba ya son ruwan rijiya. Direbansa ya shanye ta, ya yi godiya.

Sakamakon awon bai taɓa dawowa ba. Shi dai na ji an ƙara masa girma, an ba shi biro, wato ofis, mai sanyi a Maraɗi. Bara na haɗu da shi a wani biki a Mayahi, ya yi ƙiba, yana gaya wa mutane cewa ya san matsalar manomanmu tun daga tushe, domin ya shiga ƙauyuka gida-gida. Ya hango ni, ya ɗaga hannu ya ce in zo in shaida. Na ce masa ban ci abinci ba tukuna, na wuce wurin tuwo.