Karan Dawa a Tankin 'Yar Japan

Wanda ke son sanin ƙasaitar birni, ya bar ganuwarsa ya dubi akori-kurar da ke kawo masa hatsi. Ina faɗin haka ba da tsoron malaman tarihi ba, don na tashi a Ƙofar Marke, gidan fataken gero, inda ake gane mota tun ba ta shawo kwana ba.

Tamu ta farko 'yar Ingila ce: dogon hanci, manyan kumatu bisa tayoyi, bodin katako, sitiyari a dama. In ta yi tari a bakin lungu har kaji sun san ta. Ta maƙwabta 'yar Faransa ce, giyarta a jikin sitiyari, da rumfar tamfol a baya. Da kuɗin fetur suka malalo ƙasar nan, soja na mulki, an kuma koma tuƙin hannun dama, sai mahaifina ya sayo 'yar Japan. Hancinta gajere, injinta ƙarami, ƙarfenta ba nauyi. In ka ƙwanƙwasa ƙofarta sai ta amsa kamar gwangwanin madara.

Mahaifina bai taɓa yarda da allurar da ke nuna mai ba. Mutumin da ke soka hannu har ƙasan buhu kafin ya saya ba ya karɓar shaidar allura. Yana da karan dawa mai tsage-tsage da yake zurawa cikin tanki safe da yamma. Da shi ya auna tsohuwar, da shi ya auna sabuwar. Kara kuwa ya ce sabuwar ta fi sha.

Direbanmu magidanci ne daga Runjin Sambo, ya fi shekara goma tare da mu. Wata Asabar bayan la'asar aka kira shi zaure. Lokacin na fara koyar da lissafi a firamare, ina gefe ina duba littattafan aji.

"An ce min motag ga ba ta shan mai," in ji mahaifina. "To wa ka sha? Kai ko ita?"

"Alhaji, ni dai tuƙi nika yi."

"Aje min mabuɗi."

Duk mun san in ya ajiye mabuɗin nan ba aikin kaɗai ya tafi ba. In dalili ya shiga kasuwa, babu mai sake ba shi mota a Sakkwato.

Na ce, "Baba, a jinkirta mishi har gobe."

"Kai da ba ka san buhu nawa taka ɗauka ba?"

Ban sani ba, gaskiya. Amma na taɓa durƙusawa na leƙa ƙarƙashin motocin biyu. Na shiga gida na ɗauko faifai da turmi, na zuba mudun gero a kowane, na ce Baba ya tsoma karansa. A faifai da ƙyar geron ya rufe bakin karan, a turmi ya haura gaɓa guda. Tankin tsohuwar faffaɗa ne, na sabuwar matsattse mai zurfi. Galan ɗaya in ya fita daga matsattse, kara zai rantse biyu ne.

Mahaifina ya zare karansa daga turmi. Washegari ya sa aka cika tanki, aka yi lodi, ya zauna gaba da kansa har Kalambaina da dawowa. Sannan ya sa aka sake cikawa da galan, a kan idonsa. Abin da tsohuwar ke sha a wannan hanya ya haddace shi tuntuni. Sabuwar ba ta kusanci wurin ba.

Ya miƙa wa direba mabuɗi. "Yi haƙuri. Karan ga ya tsuhwa, kamar ni."

Sai ya juyo gare ni. "Malam, kwashe geron ka mai da shi buhu."

Ranar ya fara kirana Malam, bai kuma daina ba har ya bar duniya. Na sami takardun shaida bayan haka, masu hatimi da sa hannu, babu wadda ta kai wannan. Allah Ya ji ƙansa, Ya saka wa wanda ya ƙera tankin nan, ko shi wane ne.

Bayan shekaru na je gaida direban, ya tsufa, ya bar tuƙi. Ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya yi ta sa min albarka.

"Malam, lissahinka daidai na," in ji shi. "Motar nan ba ta shan mai ko kaɗan."

Shi ya sa, in ji shi, duk Jumma'a yakan zuƙi galan guda ya zuba wa babur ɗinsa.