Yadda muka binne bas a Shisha

Ina da tsohuwar bas a ƙofar gidanmu a unguwar Shisha, a Makka. Injinta ya mutu tun da daɗewa, amma a cikinta nake ajiye kekunan da nake tura alhazai a kansu a Mina, domin ɗakinmu yana hawa na uku. Ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, kuwa in suka ga mota ta yi ƙura, sai su manna mata takarda, bayan kwanaki janwe ta zo ta ja ta. Saboda haka ina da tsari. Litinin in wanke ta. Alhamis in tura ta taku biyu, don a ce tana motsi.

Wata Laraba na tarar da takardar a gilashi.

Ƙanin matata, wanda ba ya rabuwa da waya, ya zo ya same ni ina duba ta.

"Yaya, wankinka ne ya tona ta," in ji shi. "Zo ka ga yadda Turawa suka yi."

Ya nuna mini wata ƙatuwar mota da aka ƙera don binciken ƙarshen duniya, inda babu komai sai ƙanƙara. Ta kasa tafiya, suka kafa mata sanda suka koma gida. Ƙanƙara ta rufe ta ruf.

"Wa ya ja ta?" na tambaya.

"Babu! Ba ma wanda ya san inda take yanzu. Abin da aka rufe ba a jansa."

"Ina za mu samo ƙanƙara a Makka, sarkin wayo?"

"Fari dai ake nema, Yaya."

Ban yarda da yaron nan ba, amma maganar ta zauna. Da farko muka aro farin tamfol. Na biyu muka lulluɓe bas ɗin har ƙasa. Na uku muka kafa sanda. Muka jera kujeru biyu a gaba muka zauna gadi.

Bayan La'asar wani dattijo maƙwabcinmu ya ga farin tanti da kujeru. Ya zo ya kama hannuna.

"Allah ya jiƙan rai. Ya haƙuri?"

Kafin in buɗe baki wasu shida sun shiga layi. Wani ya kawo gahawa. Wani ya ƙaro kujeru. Ƙanin matata ya sunkuyar da kai yana amsa amin, kafaɗunsa na rawa.

Taron ne ya jawo ma'aikacin baladiyya. Ya tsaya, ya yi mini ta'aziyya cikin ladabi, sannan ya ɗaga gefen tamfol ya ga taya.

"Marigayiyar tana da lamba?" ya ce.

Da safe janwe ta zo. Na haura da kekunan ɗaya bayan ɗaya, sawu tara. Matata ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon falonta yana cika.

"Mu kuma a ina za mu zauna, Alhaji?"

Na nuna mata kekunan. Duk suna da wurin zama.