Tuwon Iya Tabawa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan manta da ranar da na shigo zangon nan a gaban ayarin Madugu Isiyaku ba. A zamanin Sarkin Zango Ɗanbaba ne, kakan wannan da kuke yi wa aiki yanzu, da bazara, hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba. Ku da kuka kama aikin tarye bana, ku matso kusa, na fi so ku ji daga bakina.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Ayarin fatake idan ya taso daga Gwanja da goro zai nufi Kano, yana fitowa daga ƙasar Gwari sai hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi ta tudu, ɗaya ta gangaro nan bakin gulbi ta ƙasar Maska. Kowane zango so yake ayari ya sauka wurinsa, domin saukar ayari ita ce arzikin gari: Sarkin Zango ya sami gaisuwa, masu ciyawa su sayar, masunta su sayar, mata su ɗora tukwane. Shi ya sa ake tura mutum can gaba ya zauna, ya tari ayari kafin mararraba, ya shawo kan manyansa. Manyan kuwa uku ne. Madugu shi ne uban tafiya, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki kuma shi ke riƙe da sha'anin guzuri da abin da ake biya a mashigai. In ka samu waɗannan, ka samu ayari.

Kowane ɗan tarye da makaminsa. Wani ganuwar garinsu yake yabo, wani makiyayar jakuna. Ni abinci nake yabo, don na lura mutumin da ya yi watanni yana dama gari da ruwan rafi, ba abin da ke shiga kunnensa kamar labarin tuwo mai zafi. Kuma ba ƙarya nake yi ba. A lokacin, tun daga mashigi har gindin ɗorawar can, rumfuna ne a jere a bakin ruwa. Akwai Ladi mai waina, akwai Nomau mai tsire, akwai Fulanin da ke kawo nono da hantsi, akwai masu soya tarwaɗa tana fitowa daga koma. A ƙarshen jerin kuma rumfar Iya Tabawa take, tsohuwa mai tuwon dawa da miyar kuka da busasshen kifi. Na san hannun kowa, na san wa zan kai wa baƙo mai ciwon ciki, wa zan kai wa mai son yaji.

A waccan shekarar an tura ni tun dawa ba ta fid da kai ba. Na zauna a wani zango na ƙasar Gwari har rani ya tsaya. Hanya ba lafiya, masu zuwa daga arewa sun yi ƙaranci. Wani mai kanwa ya taɓa ce mini ya ji fara ta sauka wajen Maska, na ce masa kowace shekara haka ake faɗa, mu mutanen fadama ne, yunwa ba ta san ƙofarmu ba.

Da ayarin Madugu Isiyaku ya iso, sai na ga irin wanda ɗan tarye ke mafarki. Jakuna da takarkarai har ido ya gaji, 'yan alaro masu dakon kaya kamar kasuwa ta tashi. Shi madugun dattijo ne fari siriri, ba ya son yawan magana, amma yana son saurare. Na shiga cikinsu muka kama hanya, duk inda aka yada zango sai a kewaye ni, ni kuwa in buɗe baki. Na kwatanta musu wainar Ladi har wani ɗan alaro ya ce in yi shiru don Allah, cikinsa na kuka. Na ce musu tuwon Iya Tabawa, wanda ya ci shi sau ɗaya, ko a Gwanja ya tuna sai ya haɗiyi yawu. Har suka haddace sunayen, suna tsokanar juna da su a hanya.

A kasuwar ƙarshe kafin mararraba, uban dawaki ya tsaya zai auni hatsi. Ya ce da tsada, amma gara a riƙe wani abu. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Haba Malam, za ka ɗauki ruwa zuwa gulbi? Ka bar jakunanka su huta. Gobe warhaka kana bakin ruwa kana zaɓen wanda za ka ci."

Madugu ya dube ni ya ce, "Gambo, ka tabbata? Mutanen nan amana ce a wuyana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka kwana da yunwa a garinmu, ka aske mini gemu."

Aka yi dariya, aka bar hatsin, aka gangaro.

Tun daga gonakin bayan gari na ga ba lafiya ba. Ba kara a tsaye, ba buntu a masussuka, rumbuna a buɗe kamar bakin mamaci. Da muka kai mashigi wajen azahar, na ga gulbin ya janye ya bar yashi, sai 'yan gurabe masu kore. Ba hayaƙi ko ɗaya a bakin ruwa. A da, tun kana nesa ƙanshin man gyaɗa ke tarbarka.

Sarkin Zango ya fito, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Ya yi wa madugu maraba yadda aka saba, ya nuna inda za a sauke kaya, sannan ya ja ni bayan zaure.

"Gambo, me ka jawo mana?"

"Ranka ya daɗe, aikin da ka tura ni."

"Na aika maka tun kaka cewa kada ka karkato da kowa. Ruwa ya ɗauke da wuri, abin da ya tsira fara ta cinye. Manzon bai same ka ba?"

Na ce ban ga kowa ba. Ya ce, "To, baƙo dai ya sauka. Kai ka yi musu alkawari, kai za ka kai su."

Ina fitowa na tarar madugu yana jira da jagaba da uban dawaki. Ya riga ya ga abin da na gani, mutumin da ya tsufa a hanya ba a ɓoye masa garin yunwa. Amma sai kawai ya ce, "Mu je ka nuna mana."

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, alhali daga nan zuwa gindin ɗorawa ne. Muka tsaya a rumfar farko, zana ta faɗi, murhu ya cika da yashi. Jagaba ya ce, "Nan ne wurin Ladi?" Wata yarinya da ke wucewa ta ce Ladi ta bi danginta ƙasar Zazzau. Muka matsa. Nomau ya tafi cin rani, tukubarsa kare ne kwance a kai. Fulani sun yi kudu da shanunsu. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yi mini dariya. 'Yan alaron da ke biye da mu, waɗanda jiya suke rera sunayen nan, suka kau da kai. Da zagina suka yi, da ya fi mini sauƙi.

A rumfar ƙarshe ne muka ga ɗan hayaƙi. Iya Tabawa na zaune gaban tukunya tana dafa ganyen tafasa da dusa, 'yan jikokinta na kewaye da ita. Na so in wuce, amma madugu ya riga ya yi sallama.

Ya ce, "Iya, ke ce Tabawa? Tun daga ƙasar Gwari muke jin sunanki. Gambo ya ce wanda bai ci tuwonki ba bai zo ƙasar Maska ba."

Ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, amma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ta gyara zanenta ta ce, "Haka ya ce? To, sannunku da hanya. Ku ba ni zuwa la'asar."

Na bi ta har ƙofar gida ina cewa, "Iya, ki bari, zan gaya musu gaskiya." Ta juyo ta ce, "Ɗan nan, ka kai sunana inda ƙafata ba ta taɓa zuwa ba, yanzu kuma in ce wa mutane babu? Koma wurin baƙinka."

Bayan sallar la'asar sai ga ta da akushi a ka. Malmala kaɗan ce, daidai cin manyan nan uku, da miyar kuka da ɗan kan kifi a ciki. Aka shimfiɗa tabarma a bakin yashi. Madugu ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Sai na ga ya daina tauna. Ya ɗauki wani ɗan gutsure ya shinshina.

Ya ce a hankali, "Dawar nan ta sha hayaƙi."

Ku 'ya'yan manoma ne, kun san abin da wannan ke nufi. Dawar ci a rumbu take. Wadda ake ratayewa a saman murhu, hayaƙi na bugunta don kada ƙwari su taɓa, iri ce. Tsohuwar nan ta sauko da zangarniyar da za ta shuka, ga hadari a sama, ta sussuke, ta surfa, ta niƙa, ta tuƙa wa baƙin da na kawo.

Uban dawaki ya janye hannunsa daga akushi. Madugu ya ce masa, "Mayar da hannunka. An riga an tuƙa, ba ya komawa gona. In muka bar shi, mun yi mata asara biyu." Sannan ya waiwayo gare ni. "Gambo, zo ka zauna. Kai ka yabe shi, ai sai ka ci."

Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Zauna."

Na zauna na ci. Jikokinta na tsaye daga nesa suna kallon hannuna yana zuwa baki. Tuwon nan ya yi laushi, miyar ta yi daɗi kamar kullum, kuma wallahi kowace loma kamar tsakuwa nake haɗiya. Madugu ya cinye nasa, ya suɗe akushi, ya ce, "Iya, yaron nan bai faɗi rabin daɗinsa ba." Ta yi murmushi ta ce, "Da kun zo bara." Ta ɗauki akushinta ta tafi, bayanta a miƙe.

Saura kuma ayari guda da ba su ci komai ba. Madugu ya sa aka fito da takarkarai biyu da suka gurgunce a hanya, aka yanka. Ya ce a kai wa Iya Tabawa ita za ta dafa, kuma a kira duk wanda ke garin. Sarkin Zango ya ce ba a yin haka, baƙo ya ciyar da mai gida. Madugu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ciyarwa ba ce. Mu muna da nama ba mai dafawa, ku kuna da mai dafawa." Aka tattaro manyan tukwanen da suka daɗe a kife, kafin faɗuwar rana hayaƙi ya tashi a bakin gulbi. Na ga dattawan garinmu, mutanen da suka saba aika wa baƙi akusa, suna miƙa ƙwarya ana zuba musu romo, kowa kansa a sunkuye. Ni ne na yi ta ɗebo ruwa da itace, don in sami inda zan ɓoye fuskata.

Da sassafe ayari ya ɗaura kaya, don ba su da abin da zai riƙe su kwana biyu. An raba kayan takarkaran nan a kan mutanen da ba su ƙoshi ba. Na je sallama, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ga gemun." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Riƙe abinka. Ni na yafe, mun saba da yunwar hanya. Ba ni ka ɗora wa kaya ba."

Ranar na sayar da rigata ta ado da takalmana, na kama hanyar Ƙarfi, inda aka ce fara ba ta yi ɓarna sosai ba. Na samo irin dawa na ɗauko a ka. Kafin in dawo ruwan shuka ya sauka, maƙwabta sun shuka abin da suka samu, gonar Iya tana nan fayau. Na zube mata irin a faifai. Ta ɗiba ta murza, ta ce, "Kaura ce. Allah ya yi maka albarka." Muka shuka tare, ni ina sara tana binnewa. Sai da muka kai ƙarshen kunya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Waccan da na tuƙa muku farfara ce, ta wajen uwata. Da ita aka kawo ni garin nan." Na zaga ƙauyuka daga baya ina neman irinta, ban samu ba, fara da yunwa sun gama da ita.

Garin ya farfaɗo, rumfuna suka dawo, Madugu Isiyaku ma ya sake sauka nan ba sau ɗaya ba. Iya ta ci gaba da tuwonta na kaura har ta rasu, baƙi na yabawa. Ni dai ban ƙara iya zama a rumfarta in ci ba, ita kuma ba ta taɓa tambayata dalili ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mu 'yan tarye muna ɗauka yabo kyauta ce muke yi wa masu abincin bakin ruwa, har muna jiran su gode. Ku sani mutanen nan suna da kunya fiye da yadda kuke zato, in ka ambaci sunan mace a gaban baƙo, za ta ƙona abin da ta mallaka kafin ta bari a ce ka yi ƙarya. Don haka kafin ka ce wa matafiyi je wurin wance, ka fara zuwa da ƙafarka ka leƙa tukunyarta a ranar, ka tambaye ta ko tana iyawa. Kai bakinka kawai ka buɗe, ita ce za ta tuƙa.