Jirgin da Muka Yanka daga Soson Firji

Yayana direba ne tun ina firamare. Bas yake ja daga Minjibir zuwa Kano, ya tafi da sassafe da masu kai gyaɗa da 'yan kasuwa, ya dawo da su da yamma. Mutum ne mai baki, idan yana tasha ba sai an nuna maka shi ba, muryarsa za ta gaya maka inda yake. Wata damina tayar gaba ta fashe masa a hanya, motar ta faɗa kwazazzabo. Fasinjoji suka fita da ƙurjewa, shi kuwa ƙashin bayansa ne ya taɓu. Likitoci suka yi iya yinsu, aka dawo mana da shi gida a keken guragu, ƙafafunsa biyu ba sa jin komai.

Ciwon bai tsorata ni ba kamar shirun da ya biyo baya. Yaya ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Ba ya zuwa zaure, ba ya zuwa masallacin da ke ƙofar gidanmu, maganar tasha kuwa ba ma a tayar masa da ita. Abokan aikinsa sun yi ta zuwa har suka gaji, domin da ya ji sallamarsu sai ya juya fuska bango, matarsa ta fita ta ce yana barci. Wata rana ya gaya mini dalili. Ya ce sannun da ake yi masa ta fi ciwon gajiyar da shi. Tun da aka ciro shi daga mota babu wanda ya ƙara yi masa musu ko ya tsokane shi, kowa sai sannu, kamar mai jego. Keken ma bai yarda a tura masa ba. Daga gado zuwa bayi shi yake murza tayoyin da hannunsa, idan na kama bayan keken sai ya doke mini hannu.

Ni malamin firamare ne, kuma Allah bai yi ni da dogon haƙuri ba. Na lallashe shi, na yi masa wa'azi, har faɗa na yi masa ranar da na tarar da Innarmu tana share hawaye a kicin. Bai tanka mini ba, kuma rashin tankawar ya fi ci mini rai. Tsoro nake ji kada ɗakin nan ya zama ƙarshen duniyarsa alhali yana da rai.

Maganar jirgi ba da wata dabara na kawo ta ba. Ina zaune a ɗakinsa da yamma, na rasa abin faɗa, sai na miƙa masa wayata ya kalli wasu samari da suka haɗa ɗan jirgin sama da soso suna tuƙa shi da rimot. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar da shi farko, sannan ya ce fiffiken dama ya ɗan karkace, wanda ya haɗa shi ba shi da ido. Rabon da in ji ya kushe aikin wani har na manta. Na ce to shi mai idon ya haɗa nasa mu gani. Ya ce in kawo kaya.

Na shiga Kano na yi ta tambaya har aka haɗa ni da wani mai sayar da kayan lantarki, ya samo mini ɗan injin da bai fi babban yatsa ba, da farfela, da batir, da rimot, da wasu 'yan na'urori biyu masu motsa jela. Soson kuwa kyauta na samu a shagon masu firji, farin nan mara nauyi da ake tokare sabon firji da shi a cikin kwali. Da na shigo gari da shi a kan babur, mutane suka ɗauka katifa zan yi.

Ɗakin Yaya ya koma gareji. Ya sa aka ɗora masa faifan katako a kan cinya, yana yanka soson da reza, yana goge shi da sanfefa har ya yi sumul. Garin soson ya cika ko'ina, har cikin miya, matarsa tana mita tana shara, amma na lura mitar ba ta kai zuci ba. Tsinken tsire ya soka a cikin fiffike don kada ya lanƙwashe, ya lanƙwasa wayar tayar keke ya haɗa na'urorin da jela, ya yanka tsohon tiyub ya ɗaure fiffiken a jikin jirgin. Ya ce da gangan ya ƙi manne shi da gam, don idan jirgin ya faɗi robar ta saki maimakon fiffiken ya karye. Da ya gama sai ya ɗora shi a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fiffike, yana matsar da batir gaba da baya har hancin ya ɗan sunkuya kaɗan. Ya ce haka ake loda mota, wanda ya tara kaya a baya shi ya san abin da zai gani a kan hawa.

Na yi zaton ranar tashi zai fita. Sai ya miƙo mini rimot ya ce in je in gwada in dawo in ba shi labari. Raina ya ɓaci, amma na karɓa.

A wajenmu samun fili ma aiki ne. Gona tana manne da gona, gida yana manne da gona, inda babu shuka akwai ɗorawa ko tsamiya. Filin makarantarmu darbejiya ta kewaye shi. Dole muka jira kaka, aka cire gyaɗa a wata babbar gona da ke bayan gari, na nemi izinin mai ita, wani dattijo abokin marigayi mahaifinmu. Ya ce in dai ba zai cinye masa harawa ba, in je in yi.

Na so in ce da gangan na riƙa kayar da jirgin nan don in fito da Yaya, amma ƙarya zan yi. Ban iya ba ne kawai. Ranar farko na jefa shi ta inda iska take bi, ya tafi kai tsaye ya dasa hanci a ƙasa. Yaya ya ce ai fuskantar iska ake yi, ya manne hancin. Na koma, jirgin ya tashi, kajin unguwa suka watse suna kuka sun ɗauka shaho ne, na ruɗe na ja sandar rimot da ƙarfi, jirgin ya miƙe tsaye ya dawo ƙasa da jela. Na sake komawa, wannan karon da gora aka zunguro mini shi daga kan ɗorawa. Kullum in dawo da gutsattsari a cikin buhu, shi kuma ya zauna ya haɗa, yana tambayata abin da na taɓa da lokacin da na taɓa shi. Faɗansa ya riƙa ƙaruwa, ni kuwa ina jin daɗinsa a ɓoye. Ranar da na kawo masa fiffiken a rabe biyu, ya daɗe yana kallonsa.

"Malam," in ji shi, don haka yake kirana idan zai ci mini fuska, "ko baro ba zan ba ka ka tura ba. Gobe da sassafe zan je in ga abin da kake yi wa jirgin nan."

Na yi saurin ficewa daga ɗakin, don kada ya fasa. Inna kuwa da na gaya mata, hannu kawai ta ɗaga sama.

Mun fita ta ƙofar baya bayan an idar da sallar asuba gari ya yi haske, lokacin da iska take kwance. Shi ya murza kekensa, ni ina gefe da jirgi a hannu. Hanyar rairayi ce, tayoyin suna nutsewa, gumi ya jiƙa masa riga tun ba mu kai rabi ba. Na kai hannu sau ɗaya, ya harare ni, na janye. Da ƙyar muka isa bakin gonar, ya tsaya yana haki. Na yi fatan ba kowa, amma a ƙauye ba a ɓoye irin wannan. Mai gonar yana can yana ɗaure harawa da mutanensa, masu wucewa kasuwa suka tsaya. Suna ganinsa aka fara, sannu direba, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na ga fuskarsa ta rufe, na ce a raina shi ke nan, yanzu zai ce mu koma.

Bai ce ba. Ya ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda iska ta kai ta, ya gwada jelar ta motsa hagu da dama, ya ce in jefa. Na jefa. Jirgin da ya wahalar da ni ya tafi sumul kamar ba shi ba, yana hawa a hankali, farin sosonsa yana ɗaukar hasken rana. Yaya bai fizgi komai ba, da kan yatsa yake taɓa sandunan. Gonar ta yi tsit, sai ƙarar ɗan injin.

Matsalar ta zo ne da ya juyo da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe rimot ya san wannan: idan jirgi yana tafiya gabanka, hagunka ne hagunsa, amma da ya fuskanto ka sai komai ya juye, ka karya dama ya tafi hagunka. Yaya kuwa duk rayuwarsa a cikin mota yake zaune, bai taɓa tuƙa abin da ke tahowa kansa ba. Jirgin ya karkata wajen wata tsamiya, ya karya don ya kauce, sai ya ƙara nufarta. Nan mutane suka manta da jinya. Mu a wajenmu ba a kwatance da hagu da dama, ko tabarma za a gyara sai a ce ja ta gabas. Sai ga shi kowa yana ba da umarni, wannan ya ce yi arewa da shi, wancan ya ce a'a yamma, rimot kuwa bai san alƙibla ba. Jirgin ya gogi ganyen tsamiyar, ya yi tangaɗi, Allah ya sa ya wuce.

Mai gonar ya jefar da igiyar hannunsa ya ce, "Kai direba, wane irin tuƙi ne wannan? Haka kake yi da fasinja?"

Na dubi Yaya, sai na ga bakinsa yana motsi, idonsa a sama. Ya ce wa dattijon, Baba, a bar mai tuƙi ya yi tuƙinsa, wanda ko keke bai iya hawa ba ba ya koya wa direba aiki. Aka kwashe da dariya, dattijon ya rama, wani ma ya sa baki. Muryar da na sani a tasha ce ta dawo a tsakiyar gonar gyaɗa, kuma na ji hawaye ya cika mini ido, na yi kamar ƙasa ce ta shiga.

Amma jirgin yana sama, kuma dole ya sake juyowa. Masu koyo a tsaye suna da dabara, sukan juya jikinsu su fuskanci inda jirgin ya dosa, su riƙa kallonsa ta kafaɗa, sai hagu ya koma hagu. Mun gani tare a waya. Yaya ba zai iya ba, yatsunsa biyu suna kan rimot, tayoyinsa sun nutse a rairayi. Jirgin ya kai ƙarshen gonar, ya fara kwana. Ina tsaye a bayansa, hannuwana a aljihu, ina tsoron fito da su.

"Juya ni kudu," in ji shi, bai ko dube ni ba. "Yi sauri."

Na kama keken na ɗaga gabansa na juya. Ya leƙa ta kafaɗa, ya taɓa sanda, jirgin ya miƙe ya wuce ta kanmu. Ya ce arewa, na juya shi arewa. Daga nan kwatancen manoma ya yi amfani, su suna faɗa, shi yana zaɓar wanda ya ga dama, ni ina juya shi ina haki. Ya zage ni sau biyu don na makara, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Haka muka yi ta kewaya gonar har ƙarar injin ta fara rauni, alamar batir ya kusa ƙarewa.

Saukar ba ta yi kyau ba. Ya rage wuta da kyau, ya kawo shi ƙasa-ƙasa, amma wata tsohuwar kunyar gyaɗa ta tare shi, hancin ya ɓalle, injin yana lilo a jikin waya. Aka ɗauko masa, ya jujjuya shi ya ce ba komai, aikin gam ne. Sai na tuna gam ɗinmu ya ƙare tun gyaran fiffike, kuma mai sayar da shi ɗaya ne a garin, shagonsa yana cikin tasha. Na ce bari in mayar da Yaya gida, sai in hau babur in je in sayo.

Ya shafa hancin jirgin da yatsa. Can ya ce ni ban san gam mai kyau ba, na banza za a ba ni wanda yake cinye soso. Ya kwantar da jirgin a kan cinyarsa, ya riƙe shi da hannu biyu, ya ce in bi ta tasha.

Na tura shi muka fita daga gonar muka hau titi. Rana ta ɗaga, ana jin kwandastoci suna kiran Kano, Kano. Da muka doshi kwanar tasha ya ce in tsaya, na tsaya, na ɗauka ya fasa. Hularsa ya cire ya kaɗe ya mayar, ya gyara wuyan rigarsa. Sannan ya ce in tura a hankali, kada in zubar da shi a gaban yaransa na tasha.