Shaidar Baba Rediyo

Ba don gyaran rediyo kaɗai ake ce masa Baba Rediyo ba. Tun yana saurayi, in ya buɗe baki sai dai a bar masa wurin. Shagonsa ɗan mitsitsi ne a ƙarƙashin bene, cike da matattun fankoki da wayoyi a cukurkuɗe, ga ƙaurin dalma kullum. A nan ya tsufa, a nan kuma ya ishi kowa da labari guda: wai shi da Sanatan yankinsu ɗaki ɗaya suka taɓa kamawa haya, lokacin Sanata yana ɗan malamin lissafi mai riga biyu.

Shekarar wani zaɓe, ɗan takarar shugaban ƙasa ya tashi neman mataimaki, sai aka ji Sanata yana cikin mutum ukun da ake dubawa. Shi kuwa ɗan takarar ba ya tambayar manya. Mutanensa yake turawa wurin waɗanda suka san mutum tun ba shi da ko sisi.

Ran nan da hantsi sai ga baƙi biyu a bakin shago, suka ce halin Sanata suka zo ji. Baba Rediyo ya yar da sukuddireba, ya kakkaɓe musu benci cike da murna. Yau ga ranarsa!

Da yabo ya fara, Allah ya sani. Amma bakin da ya saba gudu ina zai ji linzami?

"Taurin kai? Ai ba ku ga komai ba! Mutumin nan ya taɓa kayar da ɗan mai gidanmu a jarrabawa, aka watso mana kaya waje, ya ce sifiri sifiri ne. Ga musu! In ka ce fari, sai ya ce a kawo fitila a duba. Ga minshari kamar injin niƙa!"

Baƙin suka yi ta dariya, suka yi godiya suka tafi. Ya garzaya gida yana ba matarsa labari, har da kwaikwayon minsharin. Ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Malam, wa ka taɓa ji ya ɗauki mataimaki mai musu? Ai ka gama da bawan Allahn nan."

Sai a nan ya gane ɓarnar da ya yi. Kwanakin da suka biyo baya unguwa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba: Baba Rediyo shiru. Abinci ma sai ya tsakura ya ture. Tsoro yake kada a ce da bakinsa ya yi wa amininsa ƙafar ungulu.

Ranar sanarwa shagon ya cika maƙil, an kunna duk rediyon da ke da sauran rai. Ana kiran sunan Sanata wuri ya kaure da ihu. Tela ya rungume mai aski, wani ya hau benci har ya karya shi. Baba Rediyo dai ya koma gefe ya zauna.

Cikin wannan hayaniya wayarsa ta yi ƙara.

"Mutumina, an ce ka yi mini tatas," in ji Sanata.

"Ka yafe ni. Bakin nan ne..."

"Yafe me? Sauran biyun duk wanda aka tambaya a kansu sai yabo, kamar an haddace. Ɗan takarar ya ce wanda ba a samu mai faɗin aibinsa ba, tsoronsa ake ji. Ya ce a kawo masa mai musun." Muryar Sanata ta sauya. "Tun da na shiga siyasa ban ji wanda ya tuna da ni haka ba."

Baba Rediyo ya share ido da gefen riga, ya miƙe tsaye.

"To ka ce su dawo! Ban ma faɗa musu rowarka ba!"